Taswirar da Babu Suna a Ƙasanta

Ni ba malami ba ne, ban taɓa tsayawa gaban allo ba. A shekarun casa'in shagon kayan makaranta gare ni a Suleja, kusa da inda ake hawa motocin Abuja. Ina sayar da alli, kwali, littattafan rubutu, rula da tawadar injin sitansil. Da tire na fara, ina bin ƙofofin makarantu lokacin tashi, har Allah ya sa na kama shago. Kwali ne ya haɗa ni da malaman labarin ƙasa. Malamin lissafi alli ya ishe shi, amma mai koyar da labarin ƙasa kullum yana neman abin da zai zana taswira a kai, domin waɗanda gwamnati ta raba wa makarantu gara ta gama da su tun da daɗewa.

Su bakwai ne suke haɗuwa a bayan shagona duk Asabar da hantsi, ƙarƙashin wata rumfar kwano mai benci biyu. Huɗu daga makarantun cikin gari, sauran daga Tafa da Sabon Wuse. Suna musayar tambayoyin jarrabawa, suna gyara wa juna darasi, kuma suna da littafin taswirori guda ɗaya tak da yake kwana mako ɗaya a hannun kowa. Ban ba su rumfar don son ilimi ba. Wanda ya zauna awa uku a bayan shagonka ba zai tsallake ka ya sayi alli a wani wuri ba.

Babbansu wani dattijo ne da kowa yake kira Baba Malam. Ɗan wani ƙauye ne a gefen dutsen Zuma, manomi ɗan manomi, yana zuwa makaranta a keke da ƙasar gona a ƙafar wandonsa. Shi yake koyar da 'yan ajin ƙarshe a wata sakandare ta cikin gari tun kafin in san Suleja. Takardar karatunsa ƙarama ce, ta kwalejin horon malamai irin ta da. Amma yana da abin da babu mai shi a cikinsu: taswirar ƙasar nan tamu, daga Suleja har bayan Zuma, wadda ya zana da hannunsa a kan kwali shida da ya haɗa ya liƙa wa ƙyalle a baya. Kowane rafi yana ciki da sunan da mutanen wurin suke kiransa. Kowane tudu da tsayinsa. Tsayin nan da tiyon ruwa ya auna shi, irin wanda magina suke daidaita gini da shi, shi da ƙanensa magini, hutu bayan hutu, suna hawa suna sauka. Duk shekara da wannan taswirar yake fita da 'yan ajin ƙarshe, su tsaya a gindin dutse su shimfiɗa ta a ƙasa, yaro ya sa yatsa ya ce ga mu nan.

Ranar da na fara ganinta na duba kusurwar ƙasa, na ga wurin fili.

"Baba, ba ka sa suna ba."

"Sunan wa?"

"Naka mana."

Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa. "Dutsen nawa ne? Ko rafin ni na haƙa?"

Ni da ko kwalin alli ba ya fita shagona sai da hatimina a jiki, ban gane masa ba. Na bar zancen, kwali yake saya.

Ƙaraminsu kuma wani saurayi ne mai digiri da ya zo daga ɗaya daga cikin manyan biranen arewa. Wansa yana aiki a wata ma'aikata a Abuja, su biyu suna haya a Suleja. Saboda Turancinsa da takalminsa mai sheƙi abokan suka laƙaba masa Bature, shi ma yana amsawa. Ba zan ce mugu ba ne a lokacin. Yana da ƙwaƙwalwa, yana girmama Baba Malam, shi yake fara tashi ya karɓi kekensa. Kuma wansa ne ya haɗa ni da ofishin da nake kai wa takardar rubutu a Abuja duk Talata da Juma'a. Wannan maganar a riƙe ta, za ta dawo.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ɗin, wata takarda ta zagaya makarantu. Ta ce daga sabuwar shekarar karatu duk malamin da ba shi da digiri, ko wata shaidar ƙarin horo da aka yarda da ita, za a sauke shi daga manyan azuzuwa a mai da shi ƙanana. A cikin su bakwai ɗin Baba Malam kaɗai abin ya shafa. Aka karanta takardar a rumfa, kowa ya yi tsaki, shi kuma ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce a ci gaba da abin da aka zo yi. Amma ranar ya manta bai sayi komai ba, ya tura kekensa har bakin titi kafin ya tuna ana hawa. Komawa jami'a a shekarunsa, da iyali da gona, ba zance ba ne. Takardar horo guda ɗaya kawai yake bukata, kuma irin wannan horon sai mai hanya ake turawa.

Ana cikin haka Bature ya zo da labarin imel. Ya ce wasiƙa ce da ake aikawa ta kwamfuta, ta isa ko'ina a duniya kafin shayi ya huce. Ya ce akwai wani zaure na malaman labarin ƙasa daga ƙasashe da yawa, duk wanda ya rubuta abu kowa zai gani, kowa zai iya amsawa, kuma masu kula da zauren kan shirya horo lokaci zuwa lokaci. A Suleja babu inda ake yi. Sai a Abuja, a wani shagon buga takardu da kiran waya na wata mata 'yar kudu da muke kira Madam, wanda yake kan hanyata.

Wata malama daga Tafa, mace mai baki da ba ta ɓoye abin da ke ranta, ta ce, "To wa zai riƙa zuwa Abuja a wannan wahalar man fetur?"

Duk suka juyo suka dube ni. Daga ranar sunana ya koma Gidan Waya.

Sai da aka zo buɗe adireshin aka yi kuskuren da ya jawo komai, kuma babu wanda ya ga kuskure ne. Madam ta aiko da takardar cikewa, tana son suna ɗaya. Mu kuma abin da muka sani shi ne akwatin gidan waya na makaranta: akwati ɗaya, mutum hamsin suna karɓar wasiƙa a ciki, mai mabuɗi ya ɗebo ya raba. Muka ɗauka haka wannan ma yake. Bisa al'ada aka fara miƙa wa babba.

"Baba, sunanka za a sa."

Ya ɗaga hannu biyu. "A'a, ku rufa mini asiri. Ni da ban taɓa ganin kwamfuta ido da ido ba? Ku sa na yaron nan, shi ya kawo abin."

Bature ya ƙi sau biyu kamar yadda ya kamata, a na uku ya karɓi biro. Aka zaɓi kalmar sirri ta buɗe akwatin, kowa ya ji, ni ma na haddace.

Yadda aikin yake tafiya ke nan. Ranar Asabar su rubuta abin da za su rubuta da biro, Bature ya gyara Turancin, in zuba a jakata tare da rasitai. Ranar Talata in ajiye wa Madam, in tafi kai kaya, in dawo in tarar ta buga ta aika, idan akwai wuta kuma layin waya ya yarda. Amsoshin da suka zo ta buga mini su a takarda. Ranar Asabar in zube su a kan benci, a karanta a bainar kowa.

Gaskiya sun ƙaru, ko ni da nake jin su daga bakin ƙofa na ƙaru. Wani malami daga gabashin Afirka ya koya musu yadda ake gina tudu da garin katako da sitaci don yara su ga yadda layukan tsayi na taswira suke. Malamar Tafa ta gwada, akuya ta cinye tudun kafin Litinin, aka yi wata guda ana mata dariya. Wata daga wata ƙasa mai sanyi ta aiko da tambayoyi a kan iska, suka yi kwana biyu suna gardama. Sai wata rana wani ya tambayi zauren yadda za a koyar da tsayi da gangare a makarantar da ba ta da kayan awo ko ɗaya. Baba Malam ya karɓi biro ya cika shafi uku da bayanin tiyon ruwa da sanda mai zane. Ko'ina a rubutun cewa yake "mun yi", "mun gwada", "muka ga". Babu "ni" ko guda.

Amsoshi suka yi ta zuwa, har Madam ta fara ƙorafin takarda. 'Yan zauren suka ce suna son ganin taswirar da aka zana da wannan awon. Na naɗe ta na ɗora a cinyata har Abuja, kwandasta yana mita wai in biya mata kujera. Na'urar ɗaukar hoton takarda ta Madam ƙarama ce, sai gutsure-gutsure aka ɗauka, aka wuni ana aikawa layin yana yankewa. Bayan wannan, kusan duk wasiƙar da ta zo a kan taswirar ce. Me ya sa wannan rafin ya karkata a nan? Yaya aka yi da inda dutse ya miƙe tsaye? Baba Malam yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da rubutunsa mai kwanciya. Kowace amsa tana fita da sunan Bature a sama, domin sunan da ke kan akwatin ke nan. Kowace wasiƙa tana dawowa tana gaishe da Bature. Muna gani muna dariya. Malamar Tafa takan ce, "Bature, ga masoyanka sun sake rubuto wa Baba." Ba mu gane cewa mutanen can ba su san akwai benci ba, ba su san akwai mutum bakwai ba. Suna ɗaya suke gani.

Wata Talata, damina ta yi nisa, na dawo wurin Madam na tarar ta ware takarda ɗaya a gefe.

"Oga, wannan ba irin sauran ba ce. Zauna in gaya maka."

Ta bayyana mini da Hausarta mai gauraye. Masu kula da zauren sun shirya horo na mako shida a wata jami'a a wata ƙasar Afirka. Za su ɗauki nauyin tafiya, za su ba da takardar shaida. Suna gayyatar malamin da ya zana taswirar nan, ya zo ya koya kuma ya koyar. Suna son amsa cikin kwana goma.

Na ji daɗi har na manta laimata a shagonta. A raina na ce Baba ya tsira da ajinsa.

A tasha na shiga mota, sai ga Bature a kujerar baya, ya je wurin wansa. Muka gaisa, ya matsa mini.

"Gidan Waya, akwai saƙo?"

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan rage shi ba. Na san abin da ke cikin takardar. Na san tsarinmu, sai Asabar, sai kan benci. Da na ce babu, ko na ce sai Asabar, da shi ke nan. Amma sunansa ne a saman takardar, ni kuma tun ina yawo da tire ƙa'idata ita ce saƙo na mai suna ne. Wannan shi ne dalilin da na riƙa faɗa wa mutane. Ɗaya dalilin shi ne ranar nan na fito daga ofishin da wansa ya haɗa ni da su, kuma ban so in yi wa ƙanensa musu a cikin mota ba. Na zaro na ba shi.

Ya karanta sau ɗaya. Muna wuce Zuma ya sake karantawa. Bai dubi dutsen ba, bai dube ni ba. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

"Baba zai yi murna," na ce.

"Ƙwarai," ya ce. "Ka bari ni zan gaya musu."

Ranar Asabar ya zo da kwalaben lemo, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙe tsaye ya ce yana da albishir: an gayyaci ƙungiyarmu horo a ƙasar waje. Ya ce da yake lokaci ya ƙure, kuma gayyatar da sunansa ta zo, ya koma Abuja ranar Laraba ya amsa musu cewa zai zo a madadin kowa.

Malamar Tafa ce ta miƙa hannu.

"Kawo takardar in gani, ƙanena."

Ta karanta a fili, ta tsaya a kan layin da ya ce wanda ya zana taswirar, ta maimaita shi.

"Kai ka zana?"

"Yaya, ba haka zancen yake ba."

"Tambaya na yi. Ka taɓa riƙe tiyon nan? Ka san ma inda rafin bayan Zuma yake, ko sai an kai ka a mota?"

Bai daburce ba, wannan na ba shi. Ya ce Baba ba shi da fasfo, kuma ba a yin fasfo a kwana goma sai da hanya. Ya ce can da Turanci za a yi ta magana daga safe har yamma, a gaban farfesoshi. Ya ce idan aka rubuta aka ce ai ba mai sunan ba ne, wani ne daban, za su ɗauka 'yan damfara ne mu, su soke gayyatar gaba ɗaya, kowa ya rasa. Ya ce duk abin da ya koyo zai kawo nan kan bencin nan. Abin haushin shi ne kowace magana tasa akwai ɗan gaskiya a ciki, kuma wansa da zai iya samar wa Baba fasfo cikin mako guda bai shigo zancen ba.

"Takardar shaidar fa?" in ji Malama. "Ita ma kan benci za ka kawo a yanka bakwai? Kai da digirinka, me za ta ƙara maka? Shi Baba ajinsa za a ƙwace."

Duk muka juya wajen Baba Malam. Kalma ɗaya muke jira. Da ya ce tawa ce, da mutum biyar sun tsaya a bayansa, da ni na shida. Yana zaune da kwalbar lemo a hannu bai buɗe ba.

"Allah ya kai ka lafiya," ya ce. "Ka tafi da rigar sanyi, an ce can akwai tsaunuka."

Malama ta tattara takardunta ta fita ba sallama.

Washegari na rufe shago na hau mota zuwa ƙauyensu. Na same shi a gonar dawa yana cire ciyawa, dutsen yana tsaye a bayansa. Ya shimfiɗa mini buhu a gindin ɗorawa.

"Baba, saura kwana biyar. Ka rubuta layi ɗaya. Ka ce ni na zana. Ni zan kai."

"In ce musu me, ɗana? In ce yaron da muke zama benci ɗaya da shi ya ɗauki abin da ba nasa ba? Ga mutanen da ba su taɓa ganinmu ba? Za su ce haka malaman ƙasar nan suke."

"To haka yake mana."

"Shi kaɗai ne. Kuma ni na ce a sa sunansa."

"Ajinka fa?"

Ya murza ƙasa a tafin hannu. Na ga abin yana cinsa, ba wai bai damu ba. Ya ce akwai yara uku a aji biyar da ya ƙosa su shigo ajin ƙarshe, ɗaya yarinya ce da take gane taswira tun kafin a juya mata ita daidai. Ya ce ya riga ya zaɓi inda zai kai su bana.

Na matsa masa har rana ta take. A ƙarshe ya karɓi biro, ya ɗora takardar a kan gwiwa. Da ya gama ya fassara mini. Ya gaishe su, ya gode da gayyata. Ya ce taswirar nan aikin mutane da yawa ne, har da manoman da suka faɗi sunayen rafuka da wani magini. Ya ce idan akwai wuri na biyu, akwai wani dattijo a cikinmu da zai so zuwa.

"Baba, wannan ai ba ta ce komai ba."

"Iyakar abin da hannuna zai iya rubutawa ke nan."

Ranar Litinin, ba ma ranar zuwana ba, na isa wurin Madam da sassafe. Na ce ta buga wasiƙar yadda take, sannan ta ƙara a ƙasa da bakina: dattijon nan shi ya zana, shi ya amsa duk tambayoyinku, ni mai kawo saƙo ne, ni shaida ne. Ta buga. Layin ya kama da ƙyar. Ta sa kalmar sirri, akwatin ya ƙi buɗewa. Ta sake sawa, ta sa ni na maimaita mata, ya ƙi.

"Oga, an canza mabuɗi."

"Wa ya canza?"

"Mai akwati mana. Ranar Laraba da ya zo ya tambaye ni yadda ake yi." Ta ɗaga kafaɗa. "Nasa ne ai. Sunansa ne."

Sai a lokacin na gane abin da muka sa hannu a kai tun farko. Akwatin makaranta, ko mai mabuɗi ya yi fushi, sunanka yana bayan ambulan. Wannan kuwa duk abin da ya shiga ya zama na mutum ɗaya.

Madam ta ji tausayi ta aika da adireshin shagonta. Na koma Talata, babu amsa. Juma'a babu. Sai bayan mako biyu ta miƙo mini layi uku. Sun gode. Sun riga sun rufe jerin sunaye. Ba za su iya shiga tsakani a maganar da ta zo daga adireshin da ba su sani ba, amma malamin yana iya shiga zauren da kansa ya nema a wani zagaye. Ban kai wa Baba takardar ba. Na gaya masa da baki, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Bature ya tafi ya dawo da jaka mai tambari da takardar shaida a cikin gilashi. Ya cika alkawari, ya kira taro a rumfa don ya koyar da abin da ya koyo. Mutum huɗu suka zo, Malamar Tafa ba ta ciki. Ya kafa kwali a jikin bango ya yi bayanin tsara darasi, da wasu abubuwa masu amfani, ban hana shi ba. Can sai ya zo kan abin da ya ce ya fi burge mahalarta, hanyar auna tsayi da kayan gida, wadda yanzu an ba ta wani dogon suna na Turanci. Ya zana tiyo, ya zana sanda. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Baba Malam kuwa yana kan benci da littafinsa a buɗe, yana rubuta sabon sunan a hankali, har ya ce a maimaita masa.

Wannan ne zama na ƙarshe. Ba a yi faɗa ba, kowa dai ya riƙa samun uzuri. Littafin taswirorin nan ya maƙale a hannun wanda mako ya ƙare a kansa. Kafin shekara ta zagayo takardar gilashin ta samar wa Bature kujera a wani ofishi a Abuja, ya bar koyarwa. Ni kuma na ci gaba da kai wa ofishin da wansa ya haɗa ni da su takarda har shekara huɗu. Ban fasa ko sau ɗaya ba.

Da aka koma sabuwar shekarar karatu, aka mai da Baba Malam aji ɗaya. Ajin ƙarshe aka ba wani mai digiri da aka turo daga nesa, wanda bai san hanyar Zuma ba sai ta tagar mota. Shekarar ba a fita da yara ko'ina ba.

Mako na biyu da komawa ya jingine kekensa a ƙofar shagona ya ce in ba shi alli kwali ɗaya. Na ɗauko, na ɗora masa farin kwali biyu a kai, sabon zuwa, mai kauri irin wanda yake so.

"Wannan fa?"

"Naka ne, Baba."

Ya shafa shi da bayan hannu ya tura mini. "Bar shi. 'Yan aji ɗaya sunayen jihohi ake so su haddace."

Taswirar tana naɗe a saman kantata tun ranar da na dawo da ita daga Abuja. Na sauko da ita na ce ya tafi da abarsa. Ya ce a ina zai shimfiɗa ta, ɗakin ajin ko tebur babu, in bar ta nan tukuna. Na warware kusurwar ƙasa, na zaro biro daga aljihuna na ajiye a kai.

"Ko yanzu ka sa, Baba. Don Allah."

Ya dubi wurin na ɗan lokaci. Ya ɗauki biron ya mayar mini a aljihu da hannunsa, ya ɗaure allinsa a bayan keke, ya tafi.